Farfesa Ibrahim Garba, Duwatsun Anka da Darasin Dareta

Wannan makon za mu waiwayi wani malamin ilimin duwatsu da ma'adinai, da alaƙar fanninsa da abin da ya faru a Dareta.

Farfesa Ibrahim Garba haifaffen Riruwai ne a Jihar Kano, garin da ya shahara da haƙar kuza. Ya yi digirin farko da na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yi digirin digirgir a Landan, sannan ya dawo Zariya yana koyarwa. Bincikensa ya fi karkata ga zinaren arewa maso yammacin Najeriya. A 2000 ya wallafa nazari kan asalin zinaren Bin Yauri, ya kuma yi rubutu kan yadda zinare ke bin tsagewar duwatsu irin wadda ta ratsa ƙasar Anka. Ya jagoranci ofishin ba da lasisin haƙar ma'adinai na tarayya, ya kuma shugabanci jami'ar ta Zariya daga 2015 zuwa 2020.

Me ya haɗa wannan da Dareta? Zinare ba ya zama shi kaɗai a cikin dutse. A wasu jijiyoyin dutsen Anka yana cakuɗe da dutsen dalma, irin wanda ake daka tozali da shi. Da farashin zinare ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsun cikin gari suna niƙawa da injin niƙan hatsi, suna shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na suma suna mutuwa a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu a yankin.

Daga baya Geoffrey Plumlee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da abokan aikinsa suka gwada dutsen. Suka gano iska da ruwa sun sauya dalmar zuwa nau'in da ke saurin narkewa a cikin ɗan Adam, shi ya sa ƙurar ta yi kisa haka. Magani ma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a ba yara, domin yaron da ya koma cikin ƙurar zai sake kamuwa. Bagega sai 2013 aka yi mata wannan aiki.

Ilimin sanin abin da ke cikin dutse yana Zariya, ramin haƙa yana Anka, tsakaninsu babu mai kai saƙo. Har yau ana haƙa. Ɗalibanmu da ke karanta wannan fanni, wa zai je bakin rami ya yi wa mahaƙa bayani da Hausa?

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu. Sai mun ji ra'ayoyinku.