Yadda Ɗaliban Latino Suka Ƙwaci Gurbinsu a Jami'o'in Kalifoniya

Baƙon da ya zaga jami'o'in Kalifoniya yau zai ga cibiyoyi da sassan karatu na ɗaliban Latino, akasarinsu 'ya'yan 'yan Meziko, ya ɗauka hukumomi ne suka yi musu kyauta. Da ƙyar da jibin goshi aka same su.

Tun daga sakandare wutar ta tashi. A watan Maris na 1968 dubban yara a gabashin Los Angeles suka fice daga azuzuwa a makarantun Garfield, Roosevelt, Lincoln da wasu. Ana hukunta yaro don ya yi Sifaniyanci, ana kuma tura su ajin koyon sana'a maimakon a shirya su don jami'a. Malaminsu Sal Castro ya mara musu baya, aka kama shi da wasu mutum 12. A Afrilun 1969 ɗalibai da malamai suka taru a jami'ar Santa Barbara, suka rubuta abin da suke nema: a ɗauki 'ya'yansu, a koyar da tarihinsu, a tallafa wa wanda ya shigo har ya kammala. Can aka haifi ƙungiyar ɗalibai ta MEChA.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jami'ar UCLA a 1993. César Chávez, jagoran leburorin gona, ya rasu ranar 23 ga Afrilu. Ana gobe jana'izarsa shugaban jami'ar, Charles Young, ya sanar cewa ba za a mayar da nazarin Chicano, wato na Amurkawa 'yan asalin Meziko, cikakken sashe ba. Ko da yana da hujja, ai ya jira a binne mamacin tukuna! Ɗalibai suka mamaye gidan hutun malamai, 'yan sanda suka kwashe da dama. Ranar 25 ga Mayu wasu ɗalibai da wani malami, Jorge Mancillas, suka kafa tantuna kusa da ginin hukumar jami'a, suka daina cin abinci, ruwa kawai suke sha. Iyaye da mutanen unguwanni suka riƙa zuwa duba su. Bayan kwana 14 aka sasanta, aka buɗe cibiya da sunan Chávez. Cikakken sashen kuwa sai 2005.

Amma zanga-zanga ba ta koya wa yaro rubuta maƙala. Shi ya sa nake ganin girman shirin Puente, wanda Felix Galaviz, mai ba ɗalibai shawara, da Patricia McGrath, malamar Turanci, suka fara a 1981 a kwalejin Chabot. Sun lura ɗaliban Latino ba sa zuwa neman shawara, ba sa shiga darasin rubutu, sai kawai a wayi gari sun ɓace. Sai suka haɗa wa kowane ɗalibi malamin rubutu, da mashawarci, da wani babba daga al'ummarsa wanda ya riga ya yi digiri. Ga yaron da babu wanda ya taɓa taka jami'a a gidansu, wannan babban ba ƙaramin gata ba ne.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta biyo baya a makare. Sai a dokar ilimi ta 1992 ta ware wa makarantun da aƙalla kashi 25 cikin 100 na ɗalibansu Latino ne matsayi na musamman, shekara 24 bayan yaran Los Angeles sun fice daga aji.