Fitilar Lesa A Wajen Wasa Da Biki: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Saya Ko Ka Ɗauko Haya

Duk mai bibiyar wasannin Sallah na irin su Hamisu Breaker da Ado Gwanja ya san wannan koren hasken mai kama da zare da ke ratsa sama yana rawa da kiɗa. Ita ce fitilar lesa. Yanzu ta wuce Kano da Kaduna, har nan wajenmu Gandi da Rabah da Wurno masu DJ sun fara haɗawa da ita in an ɗauke su biki. Matsalar ita ce da yawa suna kunna ta kamar fitilar disko, alhali ba ɗaya ba ne.

Fitila ta yau da kullum haskenta bazuwa yake yi. Ita lesa kuwa tana tattara haskenta ne a siririn layi guda da ke tafiya nesa bai watse ba. Wani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara kunna ta a 1960, kuma a shekarun 1970 ƙungiyoyin mawaƙan Ingila irin su The Who suka shigo da ita dandali. Zanen da kake gani tana yi, fure ko sunan amarya, ɗigo ɗaya ne tak. Wasu ƙananan madubai biyu a cikinta ke juya ɗigon da saurin da ido ba ya iya bi.

Ƙarfinta da ajinta

Ana auna ƙarfinta da miliwat, miliwat 1,000 shi ne wat ɗaya. Kada ka kwatanta da ƙwan lantarki. Ƙwai mai wat 10 ba komai ba ne, amma lesa mai wat 1 tana iya ɓata ido kafin ka ƙifta. A jikin kowace akwai takarda mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ajinta. Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, 3R ya tsaya a 5, 3B ya kai har 500, duk abin da ya haura haka aji na 4 ne, wanda ke ƙona fata, har yana iya kama yadi da wuta. Yawancin waɗanda ake kira na dandali 3B ne ko 4. Kuma 'yan araha da ke yawo a kasuwa, abin da aka rubuta a jikinsu ba kullum yake zama gaskiya ba, wata ta fi ƙarfin da aka liƙa mata.

In kuɗinka kaɗan ne, ni kore zan ce ka ɗauka. Idon ɗan Adam ya fi ganin kore a kan ja da shuɗi, don haka koren miliwat 100 zai fi jan miliwat 100 fitowa nesa ba kusa ba. Mai launi uku, wadda ake rubuta wa RGB, ita ke haɗa fari da sauran launuka, amma ta fi tsada. Ga ƙaramin zaure ko tsakar gida, ba ka buƙatar mai wat 3 don kawai a ce kai ma ka iya.

Sai hanyar sarrafawa. Ta ƙasa ita ce mai bin sauti, akwai ɗan makirfo a ciki, in ganga ta buga ta motsa. Sauƙi gare ta, sai dai ba ka da iko da inda za ta harba. Ta fi ta ita ce mai DMX, tsarin da ya fito tun 1986, inda waya ɗaya ke ɗaukar tashoshi 512, kana zaune kana juya fitilu duka daga akwati guda. Mai son rubuta suna ko zana tambari sai ya nemi mai kafar ILDA da ake jonawa da kwamfuta, ya kuma duba saurin madubanta. Mai 30K ta fi mai 15K tsaftar rubutu, ta ƙasan sai ka ga sunan ango yana karkarwa.

Maganar ido

Nan ne nake so a tsaya. Ƙwayar ido tattara haske take yi ta sauke shi a tantanin da ke can baya, to in lesa ta shiga, wurin take ƙonawa. Sau da yawa ba zafi a lokacin, sai daga baya mutum ya ga baƙin tabo a tsakiyar ganinsa, kuma irin wannan tabo ba kasafai yake warkewa ba. A watan Yulin 2008, a wani wasa a Kirzhach kusa da Mosko ta ƙasar Rasha, ruwan sama ya sa aka koma ƙarƙashin rumfa, lesar da aka tanada don harba sama ta sauka a kan jama'a, mutane da dama suka samu rauni a ido.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce hasken ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda mutane ke tsaye. Mu ma ita za mu ara. A ɗaure ta a sama da ƙarfe mai ƙwari, ba a ɗora kan sifika ba, don jijjigar kiɗa kan sunkuyar da ita a hankali. A duba inda hasken ke ƙarewa: madubi, gilashin mota, kwanon rufi mai sheƙi, duk suna maido shi ƙasa. A bikinmu kuma ka san yadda ake yi, yara na hawa katanga da bishiya su yi kallo, kansu ya kai daidai mita ukun nan. Sai an sa wani yana lura. A fili kuma kada a harba wa jirgi, musamman masu wasa a cikin Sakkwato kusa da filin jirgin Sultan Abubakar III, don tana dallare idon matuƙi.

Masu ɗaukar bidiyo, ku ma ku kiyaye. In ta daki idon kyamara kai tsaye tana bar masa layi ko ɗigo na dindindin, har kyamarar waya. Ka yi magana da mai fitila tun kafin a fara, ka san inda za ka kafa.

Hayaƙi, ƙura da wuta

Zaren hasken ba ya fitowa sai da abin da zai daka a iska, shi ya sa ake haɗawa da injin hayaƙi. A ɗaki rufaffe kaɗan ya isa, kuma a tuna da masu asma. Lokacin hunturu hazo na yi mana wannan aikin kyauta a fili. Amma ƙurar nan ita ke toshe fanka ta zauna kan madubai, ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40. In an gama a hure ta, a goge gilashin gaba da ƙyalle mai laushi, a mayar akwati.

Janareto kuma shi ne babban mai kashe su. Kada ka jona ta sai ya daidaita, ka sa sitabilaiza, kuma ka raba layinta da na amfilifaya. In haya za ka ɗauko, sa mai ita ya kunna a gabanka ka ga launukan duka suna aiki, ya nuna maka makullinta da maɓallin kashewa na gaggawa, sannan ku yi magana a kan wa zai tsaya kusa da maɓallin har a tashi.