Kwal Daban, Gawayi Daban

A Kafanchan akwai unguwar da ake kira Bayan Loko. Sunan bai ɓoye komai ba: a bayan loko take, wato bayan rumfar da ake kwantar da kawunan jiragen ƙasa ana duba lafiyarsu. Loko kuwa gutsure ne daga doguwar kalmar da Turawan reluwe ke kiran kan jirgi da ita. Bakin mutanenmu ya ɗauki gaɓa biyu na farko, ya bar musu sauran. Kawunan jirgin wancan zamani ba mai suke sha ba, kwal suke ci.

A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda birnin Inugu yake yanzu. Domin a fitar da shi zuwa teku aka gina tashar jiragen ruwa, aka shimfiɗa dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916. Daga nan dogon ya miƙo Arewa, a 1927 Kafanchan ta zama mararraba: hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau tudun Jos wajen masu haƙar kuza. Kafin jirgi, ƙasar Fantswam ce, kuma daga wannan sunan ne baƙi suka lanƙwaso Kafanchan. Bayan jirgi, har Sarkin Jama'a sai da ya taso da fadarsa ya dawo kusa da tasha.

Ga wani abin dariya a nan. Tashar ruwan da aka gina don kwal, Bahaushe yana kiranta Fatakwal. Mai gaggawa zai rantse cewa kwal ɗin ne ya maƙale a wutsiyar sunan. Ko kusa. Sunan wani ministan Ingila ne mai kula da ƙasashen mulkin mallaka, Lewis Harcourt, harshe ya murɗa shi har ya faɗo daidai kan hajar da garin ke lodi. Dace ne kawai, amma irin dacen da ya fi shiri kyau.

Inda kalmar ta shige mu da gaske ba tare da mun lura ba shi ne kwalta. Asalinta sunan baƙin danƙon da ke tsatsowa ne idan aka gasa kwal. Yau abin da ake malala wa titi daga ɗanyen mai yake fitowa, babu ruwansa da Inugu, amma sunan ya zauna daram, har ya tashi daga danƙon ya koma kan hanyar kanta. Shi ya sa ake ce wa yaro kada ya tsallaka kwalta.

Sai kuma kurfoti. Tukunyar kwal ke nan a bakin Bature, aka mayar da lam ra, aka mayar da pa fa, kamar yadda aka yi wa Fatakwal. To amma wa ya taɓa ganin uwargida ta zuba kwal a kurfoti? Gawayi ake zubawa. Ba mu muka yi kuskuren ba. A tsohon Ingilishi kalmar coal tana nufin garwashi da gawayin itace ne, sai daga baya baƙin dutsen ya ƙwace sunan. Kurfoti ya riƙe tsohuwar ma'anar da masu harshen suka saki.

Harsuna da yawa da kalma ɗaya suke kiran abubuwan biyu, sai su ɗaura mata jela. Balarabe yana cewa gawayin dutse. Mutumin Mombasa mai Swahili ma haka, gawayin duwatsu. Bafaranshe ya juya lamarin: kalmarsa tsurarta ta ishi na ƙarƙashin ƙasa, na daji ne ake ƙara wa "na itace". Hausa ta yi sa'a, tana da biyu cif. Gawayi namu ne tun zamanin maƙera, kwal baƙo ne da ya zo a taragu. Wanda ke da kalma biyu bai da uzurin cakuɗa su.

Duk da haka ana cakuɗawa. Sau da yawa za ka ji a labarai an ce wata ƙasa, kamar Jamus, za ta rufe tashoshinta na lantarki masu aiki da gawayi. Mai sauraro a Kagoro ko Zonkwa sai ya hango buhunan da ake jerawa a bakin hanya, ya yi mamakin yawan dajin da Jamus take da shi. Bambancin ba na ƙawa ba ne. Kwal ragowar tsirrai ne da ƙasa ta danne shekaru miliyoyi, ƙona shi yana sako hayaƙin da ya daɗe a binne, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke ɗumama duniya. Gawayi kuwa kirya ce ko marke ko kaɗanya da aka sare bara, aka rufe da ƙasa aka turara. Laifin kowanne daban, masu cin moriyarsa daban, maganinsa daban.

Masu adawa da kwal sun san darajar kalma. A Kenya, waɗanda suka yaƙi shirin gina tashar kwal a Lamu sun raɗa wa gangaminsu deCOALonize, suka cusa sunan kwal a tsakiyar kalmar da ke nufin fita daga mulkin mallaka. A 2019 kotun muhalli ta soke lasisin aikin. Wasan kalmar ba ya juyuwa zuwa Hausa, kuma abin takaici ne, don da wuya a sami garin da ya dace da shi kamar Kafanchan, inda kwal da mulkin mallaka suka sauka daga jirgi ɗaya.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 kuwa, kalma guda ce ta kusa watsa zaman. Daftarin ya ce a bi a hankali har a daina kwal. A sa'o'in ƙarshe Indiya, da goyon bayan Sin, ta sa aka mayar da shi a bi a hankali a rage. A Ingilishi 'yar ƙaramar kalma ce aka sauya a wutsiyar furucin, har mai karatu da sauri ba zai lura ba. A Hausa babu wannan mafaka. Daina daban, rage daban, duk wanda ya taɓa fama da mashayin taba ya san tazarar. A wannan taron ne Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba.

Su kansu masu yaƙi da kwal, me za mu kira su? 'Yan gwagwarmaya yana ƙamshin siyasa da kurkuku. 'Yan raji ya fi laushi. Masu fafutuka ya fi motsi, kunnena yana jin kaɗa fiffike a ciki. Abin da suke karewa ma da magana: muhalli aro ne daga Larabci, kuma a bakin talaka yana nufin wurin zama, shi ya sa ake cewa ambaliya ta raba mutane da muhallansu. Wasu na ganin wannan rauni ne na fassara. Ni ina ganin riba ce. Mutanen Maiganga a Jihar Gombe, inda ake haƙar kwal don masana'antar siminti ta Ashaka, da na yankin Ankpa a Kogi, da suka koka ba sararin samaniya suka ambata ba. Ruwan sha suka ambata, da gonaki, da gidaje.

A kudancin Kaduna dai kwal ya tafi tun da kawunan jirgi suka koma shan dizal. Gawayi ne ya rage, manyan motoci suna kwasarsa zuwa birane. Nan ne "makamashi mai tsafta" ke yin tuntuɓe. Makamashi tsohuwar kalma ce, ƙirare da karan da wuta ke kamawa, aka faɗaɗa ta har ta haɗiye fetur da lantarki da hasken rana. Tsafta ce matsalar. Tambayi mai girki, za ta ce gawayi ne mai tsafta: ba ya baƙanta tukunya kamar itace, ba ya sa hawaye. Gaskiya ta faɗa. Hayaƙin an riga an baro shi a daji, wurin da aka turara icen. "Mai sabuntuwa" ma bai tsira ba, domin itace yana sabuntuwa idan an dasa wani, amma kiryar da maƙera ke yabon gawayinta ba ta girma da saurin gatari.

Idan aka ce wa mai girki ta koma gas, sai a fayyace wanne, tunda a Hausa gas biyu ne: man gas na tirela da janareta, da iskar gas ta tukunyar girki. Ta biyun ake nufi, kuma duk sa'ad da kuɗinta ya hau, kurfoti ake kakkaɓowa.

Haye iyaka zuwa Nijar, lissafin ya kife gaba ɗaya. A Anou Araren ta jihar Agadas, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal tun farkon shekarun 1980 don bai wa ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta. Hukumomin ƙasar kuma sun daɗe suna tallata wa matan aure kwal ɗin da aka gasa aka rage masa hayaƙi, don a sarara wa itatuwa a ƙasar da hamada ke ci. A can, mai kishin daji yana iya zama dillalin abin da takwaransa na Lamu ya kai ƙara kotu, kuma a kurfoti ake so a zuba shi.