Mutuwa a Bakin Makaɗi: Tarihin Faifan Scream Bloody Gore

A ranar 25 ga Mayu, 1987, kamfanin Combat Records na birnin Niyok ya fitar da wani faifai mai waƙoƙi goma, wanda tsawonsa bai cika minti arba'in ba. Sunan faifan Scream Bloody Gore, sunan ƙungiyar makaɗan kuwa Death, watau Mutuwa. Yawancin masu nazarin kiɗan Turawa na zamani suna ɗaukar wannan faifai a matsayin ginshiƙin wani nau'in kiɗa da ake kira death metal. Dalilin kawo shi cikin mujallar harshe da al'ada shi ne, ya taɓo wata mas'ala da manazartan waƙar Hausa suka daɗe suna juyawa, watau yadda makaɗi ke sarrafa mutuwa da jini da tsoro har su zama abin saurare.

Asalin kiɗan ya faro ne daga Ingila. A 1970 ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham, garin maƙera da masana'antu, ta fito da kiɗa mai nauyi wanda aka gina a kan jita mai aiki da lantarki. Waɗanda suka biyo baya sai suka riƙa ƙara sauri da kaushi, har aka kai ga Venom a Ingila da Slayer a Kalifoniya. Abin da ya rage a lokacin shi ne murya, domin har zuwa nan mawaƙi yana rerawa ne ko yana ihu, ana kuma jin kalmominsa.

Wanda ya tsara faifan da muke magana a kai, Chuck Schuldiner, an haife shi a 1967 a jihar Niyok, ya tashi a Altamonte Springs ta jihar Fulorida. Yana da shekara tara wansa ya rasu, iyayensa suka saya masa jita don ta ɗauke masa hankali daga baƙin ciki. A 1983 ya kafa ƙungiya mai suna Mantas tare da Kam Lee da Rick Rozz, suka sake mata suna zuwa Death a 1984. Ba su da kamfani, ba gidan rediyon da zai sa kiɗansu. Abin da suka yi shi ne ɗaukar waƙoƙinsu a kaset, suna aika wa samari irinsu ta gidan waya, wanda ya samu ya kwafa ya aika wa wani, har kaset ɗin ya kai Suwidin da Barazil. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya san rumfar mai kaset a kasuwannin Rano da Kibiya da sauran garuruwan ƙasar Kano cikin shekarun 1980 ya san yadda waƙar makaɗi ke yawo daga kwafi zuwa kwafi, muryar tana dusashewa, sunan mai ita yana ƙara nisa, aljihunsa kuwa bai san ana yi ba.

A 1986, bayan ɗan zama a Toronto ta Kanada, Schuldiner ya koma yankin San Francisco, inda ya haɗu da wani yaro mai kaɗa ganguna, Chris Reifert. Su biyu suka ɗauki kaset mai suna Mutilation, wanda ya jawo musu yarjejeniya da Combat. An fara ɗaukar faifan a Fulorida, kamfanin bai gamsu ba, aka sake aikin a ɗakin ɗaukar murya na Music Grinder da ke Los Angeles a ƙarƙashin kulawar Randy Burns. Schuldiner yana da shekara 19, Reifert 17. Schuldiner ne ya kaɗa jita, ya kaɗa babbar jita mai kaurin amo, ya kuma yi waƙar. Akwai hoton mutum na uku, John Hand, a jikin kwalin, amma bai taɓa ko tsirkiya ɗaya a faifan ba. Zanen bangon, na wasu ƙwarangwal sanye da alkyabba suna riƙe da kofuna, aikin Ed Repka ne.

Akwai jayayya a kan ko wannan faifai ne na farko. Masu ja suna kawo Seven Churches na ƙungiyar Possessed, wanda kamfanin nan dai ya fitar a Oktoba 1985, Randy Burns ɗin nan kuma ya kula da ɗaukarsa. Hujjarsu tana da ƙarfi: ya riga fitowa da fiye da shekara ɗaya da rabi, waƙarsa ta ƙarshe sunanta Death Metal, kuma muryar Jeff Becerra ta riga ta yi kaushi. A ganina ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Possessed ce ta raɗa suna ta buɗe ƙofa, amma ƙafarta ɗaya tana cikin salon Slayer. A faifan Death ne aka fara jin kayan ginin sun haɗu wuri guda: murya mai fitowa daga ƙasan maƙogwaro kamar gurnani, ganguna biyu na ƙafa masu bugawa ba hutu, kiɗa mai zabura sa'an nan ya ja jiki a hankali, da jigo guda wanda ba ya kaucewa daga gawa.

Jigon nan shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Waƙar Hausa ba ta jin tsoron ambaton mutuwa. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, da Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙarni na 20, sun siffanta kabari da hisabi da azaba ba tare da sassauci ba. Amma mutuwa a cikinsu ƙofa ce, manufar kuwa mai saurare ya tuba. A ɗaya gefen akwai makaɗan maza, irin su Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, da Ɗan Anace na 'yan dambe, waɗanda ke ambaton jini da kisa da maƙabarta don su zuga namiji ya shiga fage. A nan mutuwa ma'auni ce ta jarunta, kuma wanda ake yi wa kiɗan yana iya gamuwa da ita a ranar.

Mutuwar da ke cikin Scream Bloody Gore ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba. Ba ta kai mutum lahira, ba ta kuma tura shi fage. Daga silima aka ɗebo ta. Waƙar Evil Dead ta ɗauki sunanta daga fim ɗin Sam Raimi na 1981, wasu kuma sun samo hotunansu daga finafinan ban tsoro na Italiya, musamman na Lucio Fulci, inda gawawwaki ke tashi suna cin masu rai. Samarin da suka yi faifan 'ya'yan unguwannin rufin asiri ne, ba su ga yaƙi ba, ba su yi farauta ba. Saboda haka abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne tatsuniyar Dodo, wadda yara ke roƙo a ba su da dare don su ji daɗin tsoron da suka san ba zai taɓa su ba. Sai dai a nan yaran ne da kansu ke ba da tatsuniyar, kuma suna yi ne a lokacin da manya ke faɗa da irin wannan kiɗa, domin a Satumba 1985 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraron ƙorafin ƙungiyar iyaye ta PMRC a kan kalmomin waƙoƙi.

Wani abin lura ga mai nazarin harshe shi ne matsayin kalma. Makaɗin Hausa, kome zafin kiɗansa, yana so a ji kirarin da yake yi, domin da shi yake cin abinci. A wannan faifai murya ta koma ɗaya daga cikin kayan kiɗa, har Baturen da Ingilishi ne harshensa sai ya duba takarda kafin ya gane abin da ake faɗa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa salon ya ƙetare iyakar harshe da sauƙi. Cikin shekara uku Morbid Angel da Obituary sun fito a Fulorida, Entombed ta fito a Stockholm, ɗakin ɗaukar murya na Morrisound a Tampa ya zama matattara. Daga baya salon ya iso Afirka, inda aka sami Wrust da Overthrust a Botswana, aka kuma yi fim a 2012 a kan makaɗansa a birnin Huambo na Angola.

Shi kuwa Schuldiner bai daɗe a kan jigon jini ba. Reifert ya zauna a Kalifoniya ya kafa Autopsy, shi ya koma Fulorida ya fitar da Leprosy a 1988. Daga Spiritual Healing na 1990 ya juya ga matsalolin al'umma, kamar shaye-shaye da masu wa'azin neman kuɗi a talabijin, a Human na 1991 da Symbolic na 1995 kuma ya shiga zancen halin ɗan Adam da kiɗa mai sarƙaƙiya. A 1999 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Kuɗin magani ya fi ƙarfin iyalinsa, sai da makaɗa 'yan uwansa suka yi ta shirya wasanni da gwanjon kaya don tara gudummawa. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 2001, yana da shekara 34.