Wariyar ɗaukar aiki tsakanin 'yan Malay da Sinawa a Malesiya

A shekarar 2016, masana tattalin arziki biyu 'yan Malesiya, Lee Hwok-Aun da Muhammed Abdul Khalid, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ƙirƙiri takardun neman aiki sama da 3,000 na matasan da babu su a duniya, wasu da sunan 'yan Malay, wasu da sunan Sinawa, suka aika wa kamfanoni masu neman injiniyoyi da akantoci. Kimanin kashi 22 cikin ɗari na masu sunan Sinawa aka kira ganawa, amma 'yan Malay kashi 4 kacal. Binciken ya nuna ƙabila ta fi ingancin takarda tasiri nesa ba kusa ba. Ba a ga fuskar kowa ba, ba a ji muryarsa ba. Daga suna aka yanke hukunci.

Masu kamfanoni suna da hanzarinsu. Sukan ce abokan cinikinsu da harshen Mandarin na Sinawa suke magana, shi ya sa tallan guraben aiki ke yawan ɗauke da sharaɗin iya shi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin gwajin ya nuna iya harshen na ƙara wa mai nema daraja. Sai dai bai isa ya bayyana girman wannan giɓi ba, kuma a ganina sau da yawa sharaɗin labule ne kawai.

Tushen matsalar ya girme wa kamfanonin. Turawan Ingila sun bar 'yan Malay a gonakin shinkafa, Sinawa a ma'adinan kuza da kasuwannin birni, Indiyawa a gandun roba. Bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu 1969 a Kuala Lumpur, gwamnatin Tun Abdul Razak ta kawo Sabuwar Manufar Tattalin Arziki a 1971, tana dogaro da sashe na 153 na tsarin mulki, wanda ya ba 'yan ƙasa na asali, Bumiputera, ciki har da 'yan Malay, matsayi na musamman a aikin gwamnati da guraben karatu. Manufar ta fitar da ɗimbin 'yan Malay daga talauci, wannan babu musu. Amma ta raba kasuwar aiki gida biyu. Aikin gwamnati ya zama kusan na 'yan Malay, har matashin Basine ba ya ɓata lokacinsa nema. Shi kuwa mai kamfani yana zargin digirin ɗan Malay da cewa alfarma ce ta kawo shi, ko da yaron da guminsa ya ci. Kowane ɓangare yana kafa hujja da abin da ɗayan ke yi masa, Indiyawa kuma, da ba su kai kashi 7 na al'umma ba, babu inda suke da rinjaye.

Doka ba ta kai ga inda ciwon yake ba. A 2018 gwamnatin Mahathir ta janye daga shirin amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariyar launin fata, bayan matsin lambar jam'iyyun UMNO da PAS. Gyaran Dokar Aiki ta 1955 da ya fara aiki a 2023 ya ba ma'aikaci damar kai ƙarar wariya, amma sai wanda aka riga aka ɗauka. Wanda aka ture takardarsa saboda sunansa ba shi da wurin kai kuka a ƙarƙashin wannan doka.