Bakan Mahalba da Takardar Mallaka: Tarihin Hanyoyi Biyu na Tsare Fasaha

Gabatarwa

Wanda ya ɗauki tsohon baka ƙirar Amurka na shekarun 1950 ko 1960 zai tarar da sunan kamfanin da ya ƙera shi a jikinsa, sau da yawa har da shekarar da aka yi wa fasalinsa rajista. Wanda kuwa ya ɗauki tsohon baka na mahalban ƙasar Dakoro ba zai ga ko harafi ɗaya ba, alhali shi ma an zaɓi itacensa, an gwada tsirkiyarsa, an yi ta gyara kibiyarsa shekara da shekaru kafin ya kai siffar da muka sani. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda kowane ɓangare ya tsare iliminsa: Turawa ta hanyar takardar mallakar ƙirƙira, wadda masu Faransanci ke kira brevet, Hausawa kuma ta hanyar gado da asiri. Daga nan za mu duba abin da wannan tarihi ya ɗora a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu.

Baka a tarihin Gobir

A cikin gundumar Dakoro ne Birnin Lalle yake, ɗaya daga cikin tsoffin hedikwatocin Gobirawa bayan saukowarsu daga Azbin, tun kafin su kafa Alƙalawa a ƙarni na 18. A rundunonin wancan zamani doki na sarakai ne da barade, baka kuwa makamin talaka ne, da manomi da makiyayi da mahalbi. Duk da haka baka ya sha yanke hukunci a fagen fama. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, yawancinsu ƴan ƙasa ne masu kwari da baka, kuma su ne suka yi rinjaye. A 1826 matafiyin nan Hugh Clapperton ya ga yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Ƙonya, inda Gobirawa suka yi kafi, ya kuma bayyana yadda ake musayar kibau da yadda ƴan lifidi ke kusantar ganuwa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da gwagwarmaya. Har a watan Afrilu na 1899, da kwari da baka mutanen Sarauniya Mangu suka tari ayarin Voulet da Chanoine a Lugu.

Inda fasahar take

Mai kallo daga nesa zai ce bakan Hausa bai canza ba tun fil'azal: sanda ɗaya ta itace mai tauri da lanƙwasa, irin su dargaza, da tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Amma wanda ya tsaya ga sandar kaɗai bai ga inda aka zuba basira ba. Kibiyar Hausa ta kyauro ce, marar nauyi, galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi. A kanta akwai ƙarfe da maƙeri ya yi wa kunnuwa, don in ya shiga jiki ya ƙi fita. A ƙarƙashin kunnuwan ake shafa dafi, wanda ginshiƙinsa ƴaƴan kwankwani ne, tsiron da masana ke kira Strophanthus, tare da wasu mahaɗai kamar tinya. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa. Tun da ƙaramin rauni ya isa ya kayar da barewa ko doki, mahalbi bai buƙaci baka mai tsananin ƙarfi ba; abin da yake buƙata shi ne kibiya mai saurin fita, da ƙarfe mai riƙe dafi, da dafin da ba ya saurin lalacewa a cikin kwari. Saboda haka ƙirƙirar Hausawa ta karkata zuwa maƙera da tukunyar dafi. Ɗaya ɓangaren ma bai zauna ba: lifidi mai cushen auduga ga doki da mahayi, da sulke, da garkuwar fata, da makarin dafi, duk amsoshi ne ga kibiya.

Wannan ilimi ba na kowa da kowa ba ne. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin Annan ƙasar Maraɗi, wanda babban littafinsa ya fito a 1975, ya nuna yadda sana'o'i irin su halbi da ƙira da su suke gadon dangi, kowane da asirinsa da haninsa. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Bahaushe. Mahaɗin dafi ba a faɗin sa a kasuwa. Uba ke ba ɗansa, ko maigida ya ba yaron da ya jarraba ya amince da shi, Sarkin Baka kuma na sa ido a kan wanda ya cancanci shiga dawa. Wannan tsari ya kare mai fasaha daga masu kwaikwayo ba tare da alƙali ko takarda ba. Sai dai yana da tsada iri biyu. Na farko, ba ya ajiye sunan wanda ya ƙago abu: kirarin mahalba yana tuna wanda ya kashe zaki, ba ya tuna wanda ya fara murɗa wuyan kibiya. Na biyu, idan mai asiri ya rasu bai sami magaji ba, asirin ya bi shi kushewa.

Hanyar takarda

Tsarin Turawa ya ginu ne a kan wata yarjejeniya tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana sirrin aikinka dalla-dalla, da zane da bayani, mu kuma mu hana kowa kwaikwayonka na wasu shekaru, in wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474 da wa'adin shekara 10. Ingila ta yi tata a 1624 da wa'adin shekara 14, Amurka kuma a 1790. A lokacin da waɗannan dokoki suka kankama, bindiga ta riga ta kori baka daga rundunonin Turai, don haka sai da baka ya dawo a matsayin kayan wasa da farauta kafin ya haɗu da takardar mallaka.

Abin lura shi ne, farfaɗowar halbi a Amurka ma daga gado ta samo tushe. A 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga duwatsun Kalifoniya. Likitansa Saxton Pope ya koyi sassaƙa baka da farauta a wurinsa, ya kuma wallafa abin da ya koya a 1923. Daga cikin waɗanda wannan sabon yayi ya ja akwai Fred Bear, wanda ya fara sana'arsa a Detroit a 1933, ya koma Grayling ta jihar Mishigan a 1947. A wajajen 1950 kamfaninsa ya shiga manna zaren gilas a ciki da bayan siraran sallayen itace, abin da ya ba da baka mai lanƙwasassun baki wanda ba ya saurin karyewa, kuma ana iya ƙera dubbai iri ɗaya. A wajajen 1970 ya fito da baka mai rabuwa gida uku, da ake harhaɗawa ba tare da wani kayan aiki ba. A nasa ɓangaren, Doug Easton ya maye kibiyar itace da ta sanholo, wadda nauyinta da miƙewarta ba sa bambanta daga wannan zuwa waccan.

Babban juyi ya zo ne daga hannun Holless Wilbur Allen na jihar Mizuri. Ya yanke bakin baka, ya ɗora ƙananan gargare waɗanda ramin sandarsu ba a tsakiya yake ba, ya zagaya tsirkiya a kansu. Da wannan dabara, ƙarfin ja yana hauhawa ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya ragu idan tsirkiya ta iso fuska, har mahalbi ya samu damar tsayawa ya saita ba tare da hannu na rawa ba. Allen ya shigar da buƙatarsa ranar 23 ga Yuni 1966, aka ba shi takarda mai lamba 3,486,495 ranar 30 ga Disamba 1969. Tom Jennings na cikin na farko da suka karɓi izini suka ƙera irinsa. Wa'adin takardar ya ƙare tun 1986, amma zanen na nan, kowa na iya karantawa. Takarda ma takan ruɗar da wanda bai iya karatunta ba: bakunan Bear da yawa na ɗauke da shekarar 1953 a jiki, masu saye su ɗauka shekarar ƙira ce, alhali shekarar rajistar fasalin ce a Kanada, kuma an ci gaba da buga ta har farkon shekarun 1970.

Idan hanyoyin biyu suka haɗu

Tarihi ya nuna cewa idan gado ya gamu da takarda, mai takarda ke tafiya da suna. John Kirk, likitan da ya raka David Livingstone a tafiyar kogin Zambezi, ya lura da tasirin dafin kibiyar mutanen yankin a kan bugun zuciya. Dafin kuwa na dangin kwankwani ne. Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya tace sinadarinsa, ya gabatar da shi ga likitoci a 1885 a matsayin maganin zuciya. Sunan Kirk da na Fraser na cikin littattafai. Na mahalban da suka gano tsiron, suka san ma'auninsa, babu shi ko'ina.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana irin wannan. Ƙasarmu na cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa, kuma takardar mallakar ƙirƙira da take bayarwa tana aiki shekara 20. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar waje ya nemi rajistar irin albasa da sunan albasar Galmi a wannan ƙungiya, sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye daga sunan. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar asalin wuri. Darasin a fili yake: abin da ba a rubuta ba yana da wuyar karewa a gaban doka.

To ko ana iya yi wa bakan mahalba takardar mallaka? A'a, domin sharaɗin farko na wannan takarda shi ne abu ya zama sabo, bakan Gobir kuwa ya girmi dokar kanta. Amma rubuta shi da auna shi na da amfani biyu: yana hana wani ya zo gobe ya ce shi ya ƙago, yana kuma ba maƙerin yau tushen da zai ɗora sabuwar dabara, wadda ita ana iya yi mata rajista.

Kammalawa

Dawan da ya raini wannan fasaha ya canza. Bindiga ta shigo hannun mafarauta, farin 1973 da na 1984 sun rage namun daji, gonaki sun haura arewa har kwarin Tarka. Gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, an hana farauta a cikinsa, dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 kuma ta tsara sharuɗɗan farauta a ƙasa baki ɗaya. Kiyaye dabbobi abu ne mai kyau, sai dai yaron da ba zai shiga dawa ba ba shi da dalilin zama gaban kakansa ya koyi murɗa tsirkiya. Yau an fi ganin kwari da baka a bukukuwa da tarbar baƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ke gaban malaman makarantu da ƙungiyoyin al'adu na Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle bai fi ƙarfinsu ba: awo, da littafi, da wayar ɗaukar hoto da murya sun isa. A auna tsawon baka da kaurinsa, a rubuta sunan itacen da lokacin da ake sare shi, a zana kowane irin kan kibiya da sunansa na Hausa da na Fulatanci, a tambayi wane maƙeri ya ƙera, wa ya koya masa, daga wane gari ya zo. Mahaɗin dafi a bar wa masu shi; ba a tilasta wa mai gado ya tone asirinsa, kuma ba abin sa wa a littafin yara ba ne. Abin da dattijo ya yarda ya faɗa, a rubuta shi da sunansa da garinsa da ranar da ya faɗa, a bar kwafi a makarantar garin, a aika wani gidan tarihi na Bubu Hama da cibiyar IRSH a Yamai. Pope mutum ɗaya ne, Ishi ma mutum ɗaya ne, kuma shekaru kaɗan kacal suka samu tare kafin Ishi ya rasu a 1916.