Tarihin Jitar Lantarki, Amfilifaya da Fedojin Sauti

Jitar lantarki kayan kiɗa ce mai tsirkiyoyin ƙarfe, galibi guda shida, wadda muryarta ba ta fita sai an jona ta da amfilifaya. A gurmi, ƙoƙon duma da fatar da aka rufe shi da ita su ne ke ba tsirkiya murya. Ita kuwa jitar lantarki yawanci guntun katako ce marar rami, idan aka kaɗa ta ba a jona ba, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Muryarta a rarrabe take tsakanin abubuwa uku da waya ta haɗa: jitar kanta, da ƙananan akwatunan da makaɗi ke takawa da ƙafa don sauya amo, waɗanda ake kira fedoji, sannan amfilifaya da lasifikarta. Akasarin masu waɗannan kaya a duniya ba da kiɗa suke ci ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan fansho da ke kaɗawa a ɗaki bayan an tashi aiki, kuma kuɗinsu ne ya raya masana'antar tun daga shekarun 1960.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abin da ake kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a samansa, sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, tana hawa da sauka daidai da girgizar. Michael Faraday ne ya gano wannan ka'ida a Ingila a 1831, shekara ɗari kafin wani ya ɗora ta a kan jita. Wutar ba ta da ƙarfin motsa lasifika, don haka aikin amfilifaya shi ne ta ninka ta.

Neman ƙara

A Amurka ta shekarun 1920, makaɗin jita abin tausayi ne a manyan ƙungiyoyin kiɗan rawa. Ƙahonni da ganguna sun danne shi, ana ganin hannunsa na motsi amma ba a jin abin da yake yi. An fara gwada maganin da ba na lantarki ba: a 1927 kamfanin National ya fitar da jita mai jikin ƙarfe da faya-fayan alminiyum a ciki, ƙirar John Dopyera. Ta ƙara amo, amma ba ta kai ba. Abokin aikinsa George Beauchamp, makaɗin salon tsibirin Hawai, shi ne ya haɗa fikof ɗin da ya yi aiki a 1931. Shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar a 1932, wata mai ƙaramin jiki zagayayye da dogon wuya da aka yi wa laƙabi da Frying Pan saboda kamarta da kaskon suya. A kan cinya ake kwantar da ita a kaɗa.

Kamfanin Gibson ya fitar da ES-150 a 1936, jita irin ta gargajiya mai rami amma da fikof. Ita ce ta faɗa hannun Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 ya nuna cewa jita za ta iya jan waƙa ita kaɗai kamar yadda mai busa ke yi. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25, amma ya riga ya sauya matsayin jita a kiɗan jaz.

Jita mai rami tana da aibu guda. Idan aka ƙure ƙara, amon lasifika yakan dawo ya girgiza jikinta, fikof ya sake ɗauka, sai ta ɓarke da kuka ba ƙaƙƙautawa. Makaɗi Les Paul ya gwada ɗaura tsirkiya a kan gungumen katako wajen 1940, Gibson suka ƙi karɓa. Wanda ya mai da wannan tunani hajar kasuwa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai iya kaɗa jita ba. Wannan rashin iyawa bai cuce shi ba, domin da idon mai gyara ya dubi abin. Ya yi wa jitarsa wuyan da ake ɗaurewa da kusoshi huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. A 1950 ta fito da sunan Broadcaster, kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi domin yana da ganguna masu suna irin wannan, sai aka mai da ita Telecaster a 1951. Gibson suka mayar da martani da samfurin Les Paul a 1952, Fender ya biyo da Stratocaster mai fikof uku a 1954. Daga 1957 Gibson suka fara sa fikof mai naɗi biyu na Seth Lover, wanda ke kashe ƙugin da wutar gida ke sa wa sauti. Waɗannan siffofi uku na shekarun 1950, wato Telecaster da Les Paul da Stratocaster, su ne har yau ake kwaikwaya a masana'antun Sin da Indunusiya.

Amon da aka so daga ɓaci

Amfilifayar wancan zamani da bawul take aiki, ƙananan kwalaben gilashi masu zafi irin na tsohuwar rediyo. Burin injiniyoyi shi ne sauti ya fita tas, yadda ya shiga. Amma bawul yana da iyaka: idan aka tura masa wuta fiye da ƙarfinsa, sai ya daddatse kan sautin, amon ya yi kauri da kaushi, ya kuma daɗe bai mutu ba. A wurin injiniya wannan ɓaci ne. A kunnen makaɗan bulus na Chicago da Memphis kuwa, shi ne abin da suke nema.

Labaran farko duk na kayan da suka lalace ne. A 1951 aka naɗi waƙar Rocket 88 a situdiyon Sam Phillips a Memphis da amfilifayar Willie Kizart wadda lasifikarta ta sami rauni a hanya. Link Wray ya huda lasifikarsa da gangan don faifan Rumble na 1958, wanda wasu gidajen rediyo suka ƙi sawa alhali babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya tsaga tasa da reza a 1964. A Landan, Jim Marshall, malamin ganga mai shagon kayan kiɗa, ya kwaikwayi amfilifayar Bassman ta Fender a 1962 da kayan da ake samu a Ingila, sai tasa ta fito da amo mafi zafi. Pete Townshend na The Who ya matsa masa lamba sai da ya yi mai wat 100 a 1965, aka ɗora ta a kan akwatunan lasifika biyu masu tsayin mutum.

Nan ne matsalar ɗan sha'awa ta fito fili. Ba a samun wannan amo sai an ƙure ƙara, kuma mai zaune a ɗakin haya ba zai ƙure wat 100 maƙwabta su ƙyale shi ba. Feda ce ta raba gardama.

Zamanin feda

Tun shekarun 1940 kamfanin DeArmond ke sayar da wani akwati mai sa sauti karkarwa, amma asalin fedar zamani daga Nashville yake. Wajen naɗar waƙar Don't Worry ta Marty Robbins, wadda ta fito a 1961, wani sashe na na'urar situdiyo ya lalace, jitar Grady Martin ta fita da wani amo mai zuza. Waƙar ta karɓu, mutane suka yi ta neman wannan amo, sai injiniyan, Glenn Snoddy, ya haɗa ɗan akwati mai tiranzista uku da ke yin ɓacin da gangan. Gibson suka sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Bai yi kasuwa ba sai a 1965, da Keith Richards ya taka shi a waƙar Satisfaction ta Rolling Stones, kafin shekara ta ƙare an wawashe na shaguna.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Fuzz Face ta fito a Landan a 1966, ta zama abokiyar tafiyar Jimi Hendrix. A daidai lokacin Brad Plunkett na kamfanin Thomas Organ ya haɗa fedar wawa, wadda ake lanƙwasawa gaba da baya da ƙafa ta sa jita ta yi kamar tana magana, aka sayar da ita da sunayen Vox da Cry Baby. Mike Matthews ya kafa Electro-Harmonix a New York a 1968 ya fitar da Big Muff. Sai Jafanawa suka shigo da tsari da araha: Boss ta fara ƙananan fedojinta masu launi-launi a 1977, DS-1 ruwan lemo ta biyo a 1978 kuma har yau ana ƙera ta, Ibanez ta fitar da koriyar Tube Screamer a 1979. Kowacce da batir mai bolt 9 take aiki, kowacce ta shiga aljihun jaka.

Su kansu jitocin da amfilifayoyin, farashinsu ya riga ya sauko. Fender ta yi ƙaramar amfilifaya Champ don masu koyo tun 1948. A farkon shekarun 1960 kantin Sears yana sayar da jitar Silvertone wadda amfilifayarta ke cikin akwatin ɗaukarta. Da Beatles suka fito a shirin talbijin na Ed Sullivan a Fabrairun 1964, mutum wajen miliyan 73 suka kalla, samarin Amurka suka cika garejin iyayensu da kiɗa, kamfanonin Jafan irin su Teisco da Guyatone suka yi ta turo musu jitoci masu sauƙin kuɗi. A 1965 CBS ta sayi kamfanin Fender a kan dala miliyan 13. A 1982 Fender ta gaji da masu kwaikwayonta, ta fara yin nata na araha a Jafan da sunan Squier.

Da fedoji suka yi yawa sai aka fara jera su a kan allo guda. A shekarun 1970 Pete Cornish ya riƙa haɗa wa manyan makaɗa irin su David Gilmour nasu, 'yan sha'awa kuma suka yi nasu da falanki. Jeri yana da muhimmanci, domin kowace feda abin da ta gabanta ta miƙo mata take sarrafawa. Abin da aka saba shi ne a fara da mai daidaita tsirkiya, sai wawa, sai masu kausasa amo, sai masu sa shi lilo, a rufe da masu amsa-kuwwa. In aka sa amsa-kuwwa kafin mai kausasawa, maimaicin ma zai kausasa, sauti ya cakuɗe. Akwai masu yin hakan da gangan, kuma a ganina wannan 'yanci na karya jeri shi ne mafi daɗin abin da feda ta ba makaɗin ɗaki: da kaya iri ɗaya, mutum biyu za su fitar da murya biyu.

A Afirka ta Yamma

Jitar lantarki ta shigo Najeriya ta hanyar kiɗan hailaif da juju. Victor Uwaifo ya yi suna da Joromi a 1965, King Sunny Ade ya tara jitoci da yawa a ƙungiya guda, bayan yaƙin basasa kuma ƙungiyoyin samari irin su Ofege da BLO da The Funkees suka rungumi wawa da amo mai zuza. Amma inda ta fi kama ƙasa kusa da mu shi ne wurin Abzinawa. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa, matasan da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, su ne suka kafa Tinariwen wajen 1979, waƙoƙinsu suka yi ta yawo a kaset hannu da hannu, har suka ci kyautar Grammy a 2012. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya share fage, Bombino na Agadas ya biyo. Mdou Moctar, bahago mai kaɗa Stratocaster, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, kuma ta katin ajiya na wayar salula waƙoƙinsa suka fara bazuwa. A bukukuwan aure na Agadas, da janareta da ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ake kiɗan. Kaushin da wasu ke biyan kuɗi su samu a akwati, a can yanayin aiki ne ya kawo shi, makaɗan kuma suka mai da shi salonsu.

Kwamfuta da bawul

Daga shekarun 1990 hanya ta rabu biyu. Wasu suka koma ga ƙananan maƙera masu haɗa feda da hannu. Fitacciya a cikinsu ita ce Klon Centaur ta Bill Finnegan, wadda ta fito a 1994, aka yi kimanin guda 8,000, yanzu kuma tsohuwarta ta kai dubban daloli. Ƙarancinta ake saye fiye da amonta, domin an daɗe da gano yadda aka haɗa cikinta, kuma kwafinta na araha sun cika kasuwa. A 2023 Josh Scott na kamfanin JHS ya nuna a bidiyo cewa wata tsohuwar feda marar daraja, Bad Monkey, tana iya yin amo kusa da na Klon, cikin 'yan kwanaki farashinta ya ninka sau da yawa. Abin takaici ne idan mai koyo ya ɗauka cewa abin da ya rage masa akwati ne, alhali yatsunsa ne ke bukatar aiki.

Ɗaya hanyar ta kwamfuta ce. Line 6 ta fitar da POD a 1998, ɗan jan akwati da ke kwaikwayon amfilifayoyi da dama ta hanyar lissafi. Kemper ta Jamus ta zo a farkon shekarun 2010 da na'urar da ke sauraren amfilifaya ta gaske ta kwafe halinta. Yau manhajar waya da abin sawa a kunne sun isa mutum ya ji amon Marshall da tsakar dare ba tare da ya tashi kowa ba. A 2020, lokacin kullen korona, Fender ta ce ba ta taɓa yin ciniki irin na wannan shekara ba, kuma sababbin masu koyo ne suka kawo shi.

Duk da haka bawul bai mutu ba, ko da yake rediyo da talbijin sun bar shi tun tuni. Makaɗan jita da masu son kayan sauti ne suka riƙe shi, kuma masana'antun da ke yin sa da yawa 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Ta garin Saratov a Rasha mallakar Mike Matthews ce, mai Big Muff. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 fitar da kaya daga Rasha ya sami cikas, bawul ya yi wuya a shaguna, farashinsa ya tashi, masu tsofaffin amfilifayoyi suka shiga sayen na ajiya.